Me Ya Sa Rufe Ƙofar Lantarki Ya Fi Buɗe Ta Gaggawa?

A fadamun Malam Madori da ke yankin Kogin Haɗeja, wasu masu noman rani na jawo ruwa da famfo mai aiki da hasken rana. Lafiyar famfon kuwa ta dogara ne a kan inbata, na'urar da ke mayar da wutar farantan sola irin wadda injin ke sha.

A cikin inbata akwai tiransistoci da ake jerawa biyu-biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna kunnawa da kashewa sau dubbai cikin daƙiƙa guda. Kowanne yana da ƙofa wadda ke buɗewa in an zuba mata caji, ta rufe in an kwashe. Ƙaramar na'urar da ke wannan aiki ita ake kira direban ƙofa. Abin lura shi ne, sau da yawa ƙarfin kwashewarsa ya fi na zubawa. Alal misali, samfurin UCC27511 na kamfanin Texas Instruments yana zuba amfiya 4, amma yana kwashe 8.

Dalili na farko shi ne gudun karo. Muddin na ƙasa ya kunnu alhali na sama bai gama rufewa ba, wuta za ta ratsa su kai tsaye, su ƙone. Don haka ake son rufewa cikin hanzari, buɗewa kuma a natse.

Na biyu ya danganci abin da John Miller ya bayyana a 1920. Lokacin da ɗaya ya kunnu, tsallen ƙarfin wutar kan tura caji cikin ƙofar abokinsa da ke rufe. In babu faffaɗar magudana da za ta shanye cajin, ƙofar na iya buɗe kanta.

Na uku kuwa ɗabi'ar silikon ce. Elektron, waɗanda ke aiki a ɓangaren kwashewa, sun fi guraben da ke aiki a ɓangaren zubawa saurin tafiya kusan ninki 3.

Saboda haka wajibi ne mai gyara ya duba lambobin nan biyu kafin ya musanya direban da ya lalace. In ya sa mai raunin kwashewa, inbatar na iya sake ƙonewa, shuka ta kwana da ƙishirwa.