Taƙaddamar Sayen Kamfanin Jiragen Saman Ƙasa: Misalin Ryanair da Aer Lingus

Ƙasar Ailan a kan tsibiri take, watau duk mai son fita daga cikinta zuwa Ingila ko Turai ko Amurka sai ya bi ta ruwa ko ta sama. Saboda haka ne sha'anin jirgin sama yake da nauyi a wurin mutanenta fiye da yadda yake a ƙasashen da mota da jirgin ƙasa kan wadatar. Tun cikin 1936 gwamnati ta kafa kamfanin Aer Lingus, wanda ya fara da ɗan ƙaramin jirgi guda mai ɗaukar mutum shida, yana zuwa birnin Bristol na Ingila. Shekara saba'in kamfanin ya yi a hannun gwamnati, har koren ganyen nan mai kunne uku da ke jikin wutsiyar jiragensa ya zama tamkar tuta ta biyu.

Shi kuwa Ryanair ɗan baya ne. A 1985 ya fara tashi, kuma Tony Ryan da ya kafa shi tsohon ma'aikacin Aer Lingus ne. Bayan da Michael O'Leary ya karɓi ragamarsa a 1994 ne ya kankama a kan tsarin araha: jirage iri ɗaya domin sauƙin gyara, sauka a ƙananan filaye masu rangwamen haraji, jirgi ya sauke fasinja ya kwashi wasu ba tare da ɓata lokaci ba, sa'an nan a sayar da tikiti da arha a caji kuɗin kaya da na abinci dabam. Kafin a ankara ƙane ya fi wa girma nesa ba kusa ba.

A ƙarshen watan Satumba na 2006 gwamnati ta kai Aer Lingus kasuwar hannun jari a kan Yuro 2.20 kowane hannu, ta riƙe wa kanta kimanin kashi 25 cikin ɗari. Ran 5 ga Oktoba, ba a ma yi kwana goma ba, Ryanair ya taya kamfanin ɗungurungum a kan Yuro 2.80, watau wajen Yuro biliyan ɗaya da rabi. Gwamnati ta ce albarka. Ya sake tayawa a Disamba 2008 a kan Yuro 1.40, ya kuma komo a Yuni 2012 da Yuro 1.30, alhali a tsakanin nan ya riga ya tara kashi 29.8 na hannayen jarin.

Hujjar masu goyon bayan cinikin ba ta wasa ba ce. Suna cewa zamanin da kowace ƙaramar ƙasa za ta riƙe kamfaninta ita kaɗai ya wuce. Sabena na Beljiyam ya rushe a 2001, Malév na Hungary ya bi sahu a 2012, Air France da KLM kuwa sun haɗe tun 2004. Tun da dai ko ba daɗe ko ba jima wani zai haɗiye Aer Lingus, in ji su, ai gara ɗan gida ya haɗiye shi da baƙo. Daɗin daɗawa Ryanair ya yi alkawarin barin kamfanin da sunansa da alamarsa, da kuma rage kuɗin tikiti.

Masu ƙi kuwa ba bakinsu ɗaya ba. Ma'aikata, waɗanda su ma suna da nasu kaso a kamfanin, tsoronsu shi ne Ryanair a lokacin ba ya hulɗa da ƙungiyoyin ƙwadago (sai a Disamba 2017 ya amince da su). 'Yan siyasa suna maganar martabar ƙasa. Amma wannan magana, duk da daɗinta a kunne, ita ce mafi rauni, domin Ryanair shi ma kamfanin Ailan ne, hedkwatarsa tana Dublin, kuma gwamnatin da ke kukan martaba ita ce ta kai kayan kasuwa da hannunta.

Abin da ya hana cinikin a zahiri lissafin gasa ne. Hukumar Tarayyar Turai, wadda ke da ikon tantance haɗewar manyan kamfanoni, ta bi hanyoyin da kamfanonin biyu ke tashi ɗaya bayan ɗaya. A hukuncinta na 27 ga Yuni 2007 ta nuna cewa suna karawa da juna a hanyoyi 35, kuma in sun haɗe, a 22 daga ciki fasinja ba shi da wani zaɓi, sa'an nan kimanin kashi 80 cikin ɗari na zirga-zirgar Turai daga Dublin za ta koma hannu guda. A Fabrairu 2013 ta sake hanawa, hanyoyin sun kai 46. Dalili kuwa a fili yake. Arahar Ryanair a Dublin ba kyauta ba ce, kishiya ce ta jawo ta. Haka kuma tsoron Ryanair ne ya tilasta wa Aer Lingus rage tsadarsa. Ranar da ɗaya ya mallaki ɗaya, babu sauran mai tilasta wa wani, alkawarin rage kuɗi kuwa wa'adi gare shi. Ryanair ya kawo shawarar miƙa hanyoyi 43 ga kamfanin Flybe na Birtaniya domin ya zama sabon abokin karawa, Hukumar ta ga ƙarfinsa bai kai ba. Flybe ɗin nan ya durƙushe a 2020.

Akwai kuma batun gurabun sauka da tashi a filin Heathrow na Landan. Filin ya cika maƙil, don haka izinin sauka a ƙayyadajjen lokaci dukiya ce da ake saye da sayarwa da tsada, Aer Lingus kuwa a lokacin yana da fiye da ashirin a kowace rana. Ta nan ne ɗan kasuwar Cork ko Shannon yake samun jirgin da zai kai shi sauran duniya. An ji tsoron mai tsarin araha zai sayar da su ya koma ƙananan filaye. Sai dai abin lura, a 2007 Aer Lingus da kansa ya ba da sanarwar ɗauke jirgin Heathrow daga Shannon ya mai da gurabun Belfast, kason gwamnati na kashi 25 bai hana ba, sai daga baya aka maido da hanyar a 2009. Ashe riƙe hannun jari dabam, riƙe hanya dabam.

A Agusta 2013 hukumar kula da gasa ta Birtaniya ta umarci Ryanair ya rage kasonsa zuwa kashi 5. Cikin 2015 sai IAG, uwar kamfanonin British Airways da Iberia, ta taya a kan Yuro 2.55, a ƙarƙashin Willie Walsh, wanda ya fara aiki a Aer Lingus yana matuƙi har ya shugabance shi. A wannan karon gwamnatin da ta hana ɗan gida ta sallama wa baƙo, majalisa ta amince a watan Mayu, Ryanair ma ya amince a Yuli zai sayar da nasa kason. Hanyoyin da IAG ke karawa da Aer Lingus kaɗan ne, don haka Hukumar Turai ta yarda bisa wasu sharuɗɗa. Gwamnati kuwa, maimakon riƙe jari, sai ta karɓi rubutaccen alkawari cewa za a ci gaba da haɗa Dublin da Cork da Shannon da Heathrow na tsawon shekara 7, kuma ba za a sayar da gurabun ba sai da yardarta.