Rigar Sallah ga Kare Mai Shafaffen Hanci

Mutanen Gwale, daga Mandawari zuwa Gyaranya, daga Goron Dutse har Dorayi, ina gaisuwa.

Yau maganar kare za mu yi. Na san wani dattijo ya riga ya kai hannu zai murɗa tasha. Baba, a yi haƙuri a dakata. Malamai sun daɗe da yin bayanin karen farauta da na kiwo da na gadi, wannan fagensu ne, ba zan shiga ba. Abin da ya kawo ni shi ne wani sabon yayi da duk mai waya ya gani: ɗan kare gajere, fuska a shafe kamar an danna ta da tafin hannu, idanu warwaje, an saka masa riga da hula, wani har da tabarau. Ana ta dariya ana turawa. Irin waɗannan karnuka, pug da buldog na Faransa da na Ingila, sun fara shigowa gidajen masu hali a biranenmu, kuma duk abin da aka gani a TikTok yau, gobe yana gaban tela.

Bari in ɗan kai ku baya, don akwai labarin da ya tsaya mini a rai. A shekarar 1860 sojojin Ingila da na Faransa suka wawashe fadar shaƙatawar sarakunan Sin a gefen Beijin. Cikin abin da aka kwaso har da 'yan karnukan fada masu shafaffen hanci. Wani hafsa, Kyaftin John Hart Dunne, ya ɗauki ɗaya ya kai wa Sarauniya Biktoriya a 1861, aka raɗa wa karyar suna Looty, wato 'yar ganima, ba kunya ba tsoron Allah. A shekarar aka sa mai zane Friedrich Keyl ya zana ta. Zanen yana nan har yau cikin kayan gidan sarautar Ingila: tana zaune a kan jan matashi, ga furanni, ga abin wuyanta mai 'yan ƙararrawa. To ku ji inda abin ya burge ni: abin wuyan a ajiye yake a gefe, ba a wuyanta ba. Ko dabarar mai zane ce, ko karyar ce ta ƙi, ni dai na ce ta huta.

Daga nan masu kiwo suka shiga gasa, kowa na son fuskar da ta fi ta wani shafewa. Wanda ya dubi pug ɗin da William Hogarth ya zana tare da kansa a 1745 zai ga kare mai hanci sosai, ba irin na yau ba. Mutum ne ya matse fuskar nan da zaɓen iri, shekara da shekaru. Ƙashin ya gajarce, amma naman da ke ciki bai ragu ba. Kafofin hanci suka tsuke, ganɗa ta yi tsawo ta sauko tana tare maƙogwaro. Minsharin nan da ake ji ana cewa abin sha'awa, kokawa ce da numfashi.

Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan shirin: kare ba ya gumi irin namu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da yawancin zafin jikinsa. Karen mafarauta da muka sani, mai dogon baki da siririn ciki, yana da wadatacciyar hanyar iska, shi ya sa yake wuni a dawa ya dawo da ƙafarsa. Mai shafaffen hanci kuwa hanyarsa a matse take tun haihuwa.

Wani zai ce, to ai mu ma muna yi wa dabba ado. Gaskiya ne, ado ma na kece raini. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe ko Hawan Dorayi ya ga doki cikin lifidi da jalala, har UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya a Disambar 2024. Amma doki gumi yake yi sharkaf, jikinsa duka yana sanyaya shi, kuma da an sauka yaran barga za su kwance masa kaya, su ba shi ruwa. Su sun san lokacin ɗaurawa da lokacin kwancewa. Mai ɗaukar bidiyo fa?

A Ingila, ƙasar da ba ta san zafin Afrilun Kano ba, binciken da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta yi tare da wasu masana, aka fitar a 2020, ya nuna buldog na Ingila ya ninka karen Labrador kusan sau 14 wajen kamuwa da bugun zafi, na Faransa kusan sau 6, pug sau 3. A Ingila ke nan. Mu nan ma'aunin zafi yana haura 40 a bazara, ga ɗauke wuta. Holan kuwa tun 2019 ta tsaurara doka kan kiwon kare mai gajeren hanci fiye da kima. Duk da haka yayin bai mutu ba: a 2022 buldog na Faransa ya zama karen da aka fi yi wa rajista a Amurka, ya ture Labrador bayan shekara 31.

To idan Hajiya ta dage sai an yi wa nata ɗinki, ga sharuɗɗa. A bazara, a haƙura baki ɗaya, a bar kaza cikin gashinta. Da sanyin hunturu, Disamba da Janairu, da asuba, 'yar riga mara nauyi ba laifi. Yadin ya zama auduga mai shan iska, ban da leda, ban da karammiski, ban da shadda mai sitati. Wuya a buɗe, a faɗa wa tela kada ya sa roba ko igiya a wurin. In yatsu biyu ba su shige tsakanin riga da fata ba, ta matse. Fuska kuwa haramiyarta: ba hula mai zare a haɓa, ba tabarau, don idanunsa a waje suke, ƙaramin gogayya yana ji musu ciwo. Maɓalli da duwatsun ado a cire, haɗiyewa zai yi. Igiyar jansa ma a ƙirji ake ɗaura ta, ba a wuya ba. A ɗauki hoton, minti biyu ko uku, a tuɓe. Kada a bar shi shi kaɗai da riga, kuma a duba ninkin fatar fuska da hammata, don nan danshi ke taruwa ya zama ƙuraje. Masu kyanwar Farisa, ku ma da ku nake, hancin iri ɗaya ne.

Ana ta yi mini alama da agogo, bari in yi sauri. In kun ga hakin ya yi ƙara, harshe ya koma shuɗi-shuɗi, yawu na kumfa, yana amai ko tangaɗi, a cire rigar nan take, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa mai sanyi, a sa fanka ko mafici. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul. A fara sanyaya shi tukuna, sannan a garzaya wurin likita. Ga Asibitin Dabbobi na Gwale nan kusa da ku, in kun je ku tambayi allurar haukan kare ma.

Lokaci ya cinye mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a tashi lafiya.