Rimot ɗin Fokas: Aikin da Sai Ya Ɓaci Ake Lura da Shi

Duk wanda ya saba ratsa Sabon Tasha a Kaduna ranar Asabar ya san yadda masu ɗaukar bidiyo suka yawaita a ƙofar majami'u da ɗakunan biki. A da kyamara a kafaɗa take, ko a kan ƙafa uku. Yanzu sai ka ga saurayi riƙe da gimbal, mariƙin nan mai injina da ke hana kyamara girgiza, yana ja da baya a gaban amarya kamar mai tausayin ƙasa. Hoton yana tafiya sumul. Amma idan aka kai aikin gida aka saka a babbar talabijin, sau da yawa sai a tarar furen hannun amarya ya fito tar, fuskarta kuwa dishi-dishi. Gimbal ya yi nasa. Fokas ne ya kuɓuce, domin ba a ɗora wa kowa alhakin riƙe shi ba.

Lens ba ya ganin komai garau a lokaci guda. Akwai tazara ɗaya tak da yake kamawa sosai, sai ɗan fili gabanta da bayanta wanda ido ke yarda da shi. Faɗin wannan fili ya dogara da yadda aka buɗe ƙofar haske, da tsawon lens, da kusancin abin da ake ɗauka. Ɗauki lens mai milimita 85, a buɗe shi a f/2, a kan kyamara mai babbar sensa, mutum yana tsaye mita biyu daga gare ta: filin da zai fito garau bai wuce santimita bakwai ba. Idan jaruma ta ɗan sunkuyo don ta yi magana, ta fita daga ciki.

Masu bidiyo na da can ba su san wannan ciwon kai ba. Kyamarorin kaset irin na zamanin fim ɗin Turmin Danya, wanda ya fito a Kano a 1990, ƙananan sensa gare su, kusan komai na fitowa daga gaba har bango. A 2008 kamfanin Canon ya fitar da 5D Mark II, kyamarar hoto mai babbar sensa da ke ɗaukar bidiyo, sai kowa ya kamu da son hoton da bayansa ke narkewa, fuska ta fito ita kaɗai. Kwalliyar ta zo da tsohuwar matsalar da masu sinima suka daɗe suna fama da ita.

A manyan masana'antun fim, mutum guda ake ware wa wannan aiki, mataimaki na farko ga mai kyamara, wanda ake ce wa mai jan fokas. Da can a gefen kyamara yake tsayawa yana murɗa wani ɗan gargare da ke haɗe da zoben lens. Da Garrett Brown ya ƙirƙiro Steadicam, mariƙin da ke hana kyamara girgiza, a tsakiyar shekarun 1970, aka yi amfani da shi a finafinan Rocky a 1976 da The Shining a 1980, sai kyamara ta fara gudu da hawa bene. Taɓa ta a wannan hali yana ɓata daidaiton nauyinta. Haka idan tana kan dogon ƙarfe a sama, ko an ɗaure ta a jikin mota. Dole aka nemi hanyar raba hannu da kyamara. A 2007 hukumar da ke ba da Oscar ta karrama Howard Preston da Mirko Kovacevic saboda na'urarsu mara waya mai suna FI+Z. Irin nasu da na kamfanin ARRI na Jamus kayan manyan furodusoshi ne. Kamfanonin Sin irin su Tilta mai Nucleus-M da DJI su ne suka sauko da farashi har ƙaramin situdiyo a Sabo ko Narayi zai iya tunanin saye.

Na'urar kashi biyu ce. A jikin kyamara akwai ɗan inji da ake ɗaurewa a kan sandar ƙarfe mai kaurin milimita 15, haƙoransa suna cizon haƙoran zoben lens. A hannun mai jan fokas kuma akwai rimot mai gargare, da farin zobe da ake yin alama a kai. Yawanci suna magana da juna ta zangon rediyo na gigahaz 2.4, wanda Wi-Fi da Bluetooth ma suke amfani da shi. Cikakken saiti inji uku ne: na fokas, na ƙofar haske, da na jawo hoto kusa ko tura shi nesa. Ga yawancin aikinmu na fokas ɗin kaɗai ya isa.

Wajen ɗaurawa ake fara yin kuskure. Idan haƙoran suka matse da yawa injin zai yi ta gurnani yana cin batir, idan suka yi sako-sako zai riƙa tsallake. Bayan sun zauna daidai sai a sa injin ya auna lens: ya juya zoben har ƙarshen dama, ya dawo har ƙarshen hagu, ya san iyakarsa. Duk lokacin da aka canja lens sai an sake wannan awo, ko darakta yana ta kiran a yi sauri. Lens ɗin sinima yana da matsaya a ƙarshensa, injin yana jin ya iso. Yawancin lens ɗin ɗaukar hoto da ke hannun matasanmu kuwa zobensu juyawa yake ba iyaka, sai an nuna wa injin farko da ƙarshe da hannu. Akwai ma waɗanda zobensu ba ya motsa gilashi kai tsaye, saƙon lantarki kawai yake aikawa, kuma saurin murɗawa yana canja inda fokas zai tsaya. Da irin waɗannan, alamar da ka yi ɗazu ba lalle ta amfane ka yanzu ba. Wanda zai sayi rimot ya fara duba lens ɗinsa tukuna.

Sai awon tazara. A jikin kyamara akwai wata 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa ta, tana nuna inda sensa take. Daga nan ake jan tef, ba daga bakin lens ba, kuma zuwa idon jarumi ake kai shi, domin ido mai kallo yake nema. A zana wa jarumi inda zai tsaya da alli ko salatif, a yi wa kowace tsayuwa alama a kan farin zoben. Mai jan fokas ya tsaya a gefe, inda zai ga kyamara da jarumi duka, ya ga ratar da ke tsakaninsu tana buɗewa tana rufewa. Sababbin shiga sukan kafa ido a kan allon kallo. Allon yana da amfani, amma hoton da ke zuwa ta iska yakan ɗan makara, musamman a na'urori masu araha, kuma kafin ka ga fuska ta dushe aikin gama ya gama. Gwani kafaɗar jarumi yake kallo, ya ga alamar zai tashi, hannunsa ya tafi tare da shi.

Wani zai ce, ai kyamarorin yanzu suna kama fokas da kansu, har ido suke bi. Gaskiya ne, kuma idan fasto ne a kan bagade ko hira da mutum ɗaya a zaune, ni ma na ce a bar wa kyamara. Amma kyamara ba ta san labari ba. A ce ango yana rantsuwar aure a gaba, mahaifiyarsa tana can baya tana share hawaye. Yaushe za a bar fuskarsa a koma tata, kuma a hankali ko da sauri? Wannan hukunci ne, kuma shi ke nuna wa mai kallo inda zai sa zuciyarsa. A filin rawa kuma, wani ya gifta zai yi liƙi, nan take kyamara ta saki amarya ta bi ƙeyarsa.

Ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin haƙora, don haka buroshi mai laushi ya zauna a jaka. Ɗakin biki cike da wayoyi yana iya sa rimot ya riƙa yankewa, maganinsa a canja tasha kafin a fara, a kuma rage nisa. Injin yana shan wuta, ga halin lantarkinmu, batir biyu shi ne mafi ƙaranci. A taron da babu gwaji, kamar bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, inda mafarauta da masu rawa ba za su tsaya a kan allin kowa ba, hikima ita ce a sa lens mai faɗi, a tsuke ƙofar haske zuwa f/5.6 ko f/8, filin fokas ya yalwata. Narkakken baya ba dole ba ne a kowane hoto.

Abin da ya fi na'urar tsada shi ne mutum na biyu. Mai situdiyo yakan sayi rimot ya ɗaura a hannun gimbal, ya ce zai tuƙa kyamara, ya duba gabansa, ya ja fokas da babban yatsa. Yana yiwuwa a tafiya mai sauƙi, amma a nan ake samun furen da ya fi amarya fitowa. Kuɗin mai jan fokas ya kamata ya shiga lissafi tun wajen ciniki da masu biki ko mawaƙin bishara. Wanda ke son koyo yana da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ga kuma bikin fina-finai na Kaduna da aka fara a 2018 inda ake haɗuwa da masu sana'ar. Kafin nan, tef ɗin awo ya ishe shi farawa: ya dubi ƙofa ko kujera, ya faɗi nisanta a ransa, sannan ya auna, ya yi ta maimaitawa har kuskurensa ya sauko zuwa santimita kaɗan. Daga nan ya sa ƙaninsa ya riƙa tahowa yana komawa a tsakar gida, shi kuma yana binsa da gargare, lens a buɗe har ƙarshe.