Su Wa Ke Ba Da Kansu Ga Likitan Gida?

A ƙasashen Turai da dama akwai wani tsari da asusun inshorar lafiya ke miƙa wa jama'a, watau mutum ya zaɓi likita guda, shi ne likitan gidansa, ya kuma yi alkawari ba zai tafi wurin ƙwararren likitan zuciya ko na ƙashi ba sai wannan ya duba shi ya ba shi takarda. A Jamus da Suwizalan ba a tilasta wa kowa shiga. To, tun da ganin dama ne, sai muka ga ya kamata mu duba su wane ne ke shiga, domin a kan amsar wannan ake yanke hukunci ko tsarin yana da amfani.

Mu fara da Suwizalan. Tun 1996 doka ta wajabta wa kowane mazaunin ƙasar inshorar lafiya, kowa kuma shi ke biyan kuɗinsa wata-wata. Wanda ya yarda da likitan gida, sai kamfanin ya rage masa wani abu daga wannan kuɗi. Wa zai fi saurin karɓar wannan ciniki? Saurayi mai ƙarfi, wanda shekara kan zagayo bai taka asibiti ba, domin abin da aka hana shi dama ba ya bukatarsa. Amma dattijon da ya daɗe yana zuwa wurin likitan zuciyarsa ba ya son a sa masa mai tsaron ƙofa. Masu bincike na ƙasar sun iske cewa wani sashe na rangwamen da ake yabon tsarin da shi ya samu ne saboda masu shigarsa da lafiyarsu suka zo. Duk da haka yanzu fiye da kashi biyu cikin uku na jama'ar suna cikin ire-iren wannan tsari, ko da yake a watan Yuni na 2012, da aka nemi ƙarfafa shi da doka, kashi 76 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ce a'a.

A Jamus kuwa labari ya sha bamban. Doka ta buɗe hanyar a 2004, sa'an nan a 2008 asusun AOK na jihar Baden-Württemberg ya ƙulla babbar yarjejeniya da ƙungiyoyin likitoci. A can kuɗin inshora daga albashi ake yankarsa gwargwadon samun mutum, saboda haka babu wani babban ragi da zai ja hankalin mai lafiya. Galibi kuma a ɗakin likita ake sa hannu, likitan ne da kansa ke gayyatar mutum. To, wa likita ke gani kullum? Tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu hawan jini, waɗanda ke shan magani iri biyar ko shida, suna bukatar mutum guda da zai riƙe lissafinsu duka. Masana na jami'o'in Heidelberg da Frankfurt da suka bi diddigin tsarin sun tarar masu shigarsa sun fi sauran jama'a shekaru, sun kuma fi su cututtuka masu daɗewa. Mai shiga yakan ɗaure kansa shekara guda aƙalla, amma an bar masa likitan ido da likitan mata, da kuma halin gaggawa, ba sai da takarda ba.

A ganinmu, duk wanda ya kawo alƙaluma yana cewa tsarin ya rage kashe kuɗi, ko kuwa ya ƙara, sai a fara tambayarsa su wa ya ƙirga. A Suwizalan lafiyar masu shiga takan sa tsarin ya yi kyan da ya wuce nasa. A Jamus rashin lafiyarsu na iya ɓoye amfaninsa, sai an gwada tsoho da tsoho, mai sukari da mai sukari. Da masanan Jamus suka yi irin wannan gwaji, sun ga waɗanda ke hannun likitan gida ba a cika kwantar da su a asibiti kamar takwarorinsu ba.

Akwai kuma wanda lissafin nan biyu duk ba su kama shi ba, shi ne mutumin da ba shi da likitan da ya saba da shi, ko mazaunin ƙauyen da likitansa ya yi ritaya ba a sami magaji ba. A karkarar Jamus irin waɗannan ƙauyuka sai ƙaruwa suke yi.