Daga Jirgin Fasinja Zuwa Jirgin Attajirai: Me Ke Sauyawa?

Matashin Dogon Daji da ke sha'awar tuƙin jirgi yakan ɗauka hanya ɗaya ce: karatu a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sannan aiki da kamfani irin Max Air. Akwai wata hanyar, wato tuƙa ƙananan jiragen kamfanoni da attajirai.

Lasisi bai sauyawa. Wanda ya tara sa'o'i 1,500 a sama ya samu babban lasisi, da shi zai ci gaba. Sai dai kowane samfurin jirgi da nasa horon. Ƙwarewa a Boeing 737 ba ta ba shi izinin tuƙa Gulfstream ko Challenger, sai ya sake zama ɗalibi, galibi a ƙasar waje, da kuɗi masu yawa.

Babban bambancin yana ga tsarin aiki. A jirgin fasinja akwai jadawali da ma'aikatan da ke shirya komai. A nan kuwa maigida ne jadawalin. Yana iya cewa a tashi zuwa filin Sultan Abubakar III na Sakkwato da asuba, ya fasa da hantsi. Matuƙi ne zai bi batun mai da izinin sauka, wani lokaci har da kaya. Kuma dole ya iya ce wa mai jirgi a'a idan hazon hunturu ya rufe gari, abin da ba kowa ke iyawa ba.

A duba takardun jirgin kafin karɓar aiki. A 2024 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta dakatar da izinin wasu jirage masu zaman kansu saboda yin haya ba bisa ƙa'ida ba.