Mai Gyaran Kwamfutar Wasa: Sana'ar Bin Diddigin Wuta

A shagon mai gyaran kwamfutar wasa, ƙorafi guda ya fi yawa. Matashi zai shigo rungume da akwatin kwamfutarsa, fuska ba walwala, ya ce yana tsakiyar wasa sikirin ya yi baƙi ƙirin, ko kuma na'urar ta mutu ɗif ta sake tashi da kanta. Kafin ya dire ta ya riga ya yanke hukunci: katin hoto ya ƙone. Wannan kati shi ke zana duk abin da ido ke gani a wasa, kuma galibi shi ya fi komai tsada a cikin akwatin. Dole hankali ya tashi.

Gwanin sana'ar ba ya gaggawar ɗaukar sukundireba. Tambaya yake fara yi, domin kowace cuta da alamarta. In ɗigo-ɗigo masu launi da layuka suka cika sikirin, zarginsa kan tafi ga katin kansa, ko zafi ya yi masa yawa ko ma'ajiyarsa ta fara gajiya. In sikirin ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, wasan ya rufe, sai ya nemi direba, wato manhajar da ke haɗa katin da Windows. Tsarin Windows kan jira katin daƙiƙa 2; in bai amsa ba, ya sake tayar da direban. Amma in kwamfutar gaba ɗaya ta mutu daidai lokacin da wasa ya ɗau zafi, to a nan gizo ke saƙar: akwatin wuta ne.

Wannan akwati shi ke karɓar wutar bango ya mayar da ita bolt 12, da 5, da 3.3, ya raba wa kowane sashe. Masu saye kan zuba kuɗinsu a kan kati, su tsinci akwatin wuta mafi araha a kasuwa, alhali araha ba ta ado. Mai gyara yana riƙe da lissafin a ka. Ramin da ake soka katin yana ba da wat 75. Waya mai ƙafa 6 tana ƙara wat 75, mai ƙafa 8 kuma wat 150. Katin RTX 3080 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2020 yana cin wat 320, kamfanin ya kuma ce a haɗa shi da akwati mai wat 750. RTX 4090 na 2022 yana cin wat 450, yana neman akwati mai wat 850. Ɗaya daga cikin dalilan wannan rata kuwa, manyan katuna kan zabura su ja wutar da ta zarce ƙa'idarsu cikin ƙiftawar ido. Akwatin da ba shi da ƙarfin ɗauka sai ya kashe kansa don kare kansa, a ɗora wa kati laifin da ba nasa ba.

Ka tsaya kusa da teburinsa ka ga aiki. Zai kwance murfin gefe, ya haska tocila ciki, ya bi wayoyi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa zai tarar an ciyar da baki biyu na katin da waya guda mai reshe. Sai ya ba kowane baki tasa wayar. Zai danna kowane filogi har sai ya ji ƙas. Ba ya wasa da wannan, domin a ƙarshen 2022 an yi ta samun filogin RTX 4090 mai ƙafa 16 yana narkewa, binciken Nvidia kuma ya danganta abin da rashin soka shi har ƙarshe. Daga nan ya zaro katin, ya hure ƙurar da ta toshe fankokinsa, ya kankare tsohon man sanyaya da ya bushe kamar taɓo, ya shafa sabo. Sai ya goge tsohon direba da manhajar DDU, ya ɗora sabo, ya kunna manhajar FurMark don wahalar da katin yana kallon ma'aunin zafi. Gwajin ƙarshe shi ne raba gardama: ya ɗauko akwatin wutar da ya amince da shi ya jona. In mutuwar ta tsaya, an kama ɓarawo.

A garuruwanmu aikin ya fi wuya. Ƙurar hunturu tana cika na'ura, zafin bazara yana dafa ta, wuta tana hawa da sauka, ga sauyi daga wutar gari zuwa janareto. Ga kuma katunan gwanjo, waɗanda wasunsu sun shekara suna haƙar kuɗin intanet dare da rana kafin Ethereum, ɗaya daga cikin irin waɗannan kuɗaɗe, ta daina wannan tsari a Satumbar 2022. Shi ya sa mai gyara ba ya sallamar kwastoma sai ya yi masa nasiha: ya nemi sitabilaiza, ya zaɓi akwati mai tambarin 80 Plus daga kamfanin da aka sani, kada ya jona wayar wani akwati a jikin wani, kada kuma ya kuskura ya buɗe cikin akwatin wuta, domin yana riƙe caji mai kisa ko an cire shi daga bango.

Jarin wannan sana'a haƙuri ne da amana. Abu ne mai sauƙi a ce wa yaro katinsa ya mutu, a sayar masa da wani, a riƙe nasa mai lafiya. Mai tsoron Allah yakan gaya masa gaskiya ko da ribarsa ta ragu, kuma irinsa ne kwastoma ke komawa wurinsa har da abokai. Saboda haka, mai karatu, ranar da za ka haɗa kwamfutarka, ka ware kuɗin akwatin wuta mai nagarta tun kafin ka taya kati. Rigakafi ya fi magani.