Wuƙar Aljihu: Abin Da Ya Kamata Ɗan Ci-Rani Ya Duba Kafin Ya Saya

Duk wanda ya zaga Sabo ta Ibadan, ko Agege da kasuwar Mile 12 a Ikko, ko unguwar Hausawa ta Shagamu, zai ga cewa 'yar wuƙa ba ta rabuwa da 'yan Arewa masu neman abinci. Mai goro da ita yake yanke igiyar huhu, mai lemo da ita yake ɓare lemo, mai gyaran takalmi yana datse zare, malamin allo kuwa yana fiƙe alƙalami. To, amma wuƙar kube irin ta gida, wadda ake ratayawa a ɗamara, ba ta dace da zaman Kudu ba. Shi ya sa da yawa suka koma ga ƙaramar wuƙa mai naɗewa, wadda ruwanta ke shigewa cikin ƙotarta a jefa ta aljihu.

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne ƙarfen. Iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe, wanda ke ɗaukar kaifi da wuri a kan dutsen wasa wuƙa, sai dai yana tsatsa, balle a Ikko ko Fatakwal inda iska ke da danshi. Akwai kuma farin ƙarfe wanda ba ya saurin tsatsa. Mai yanka lemo ko abarba, wanda wuƙarsa ke wuni a jiƙe, fari ya fi masa. Mai aikin fata ko igiya ya nemi baƙi, ya riƙa goge shi yana shafa masa ɗan man gyaɗa.

Na biyu shi ne makulli, wato abin da ke riƙe ruwan wuƙar idan an buɗe ta. Nan ne masu neman araha ke yin asara, domin wuƙar da ta rufe a kan yatsun mai ita tana iya hana shi sana'a mako da makonni. Kafin a biya kuɗi, sai a buɗe ta a girgiza ruwan hagu da dama. In yana rawa, a ajiye ta. A rufe ta kuma a tabbata tsinin ya shige cikin ƙota sarai, kada ya huda aljihu. Sannan a gwada kaifin a kan takarda.

Akwai wuƙaƙe masu sauƙin kuɗi da suka daɗe da yin suna. Okapi an fara ƙera ta a garin Solingen na Jamus a 1902, musamman don kasuwannin Afirka, kuma tun 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Tana da zobe a bayanta wanda sai an ja shi take rufuwa. Opinel ta Faransa ta samo asali a 1890, an ƙara mata zoben makulli a 1955; mai lamba 8 tsawon ruwanta santimita 8 da rabi ne. Aibinta ɗaya: ƙotar katako ce, tana kumbura da damina har buɗewa ta yi wuya. Douk-Douk kuwa, ita ma ta Faransa, tun 1929, ƙotarta ƙarfe ce shafal, ba ta cika aljihu, amma ba ta da makulli. Da yawa daga waɗanda ake kasawa a tebur daga ƙasar Sin suke, cikinsu akwai nagari akwai jabu, sabo da haka kada sunan da aka buga a jiki ya ruɗi mutum.

Abu na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne girma da kamanni. Baƙo a Kudu idon jama'a na kansa. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin farauta a motarsu. Zargi ba ya jiran bayani. Don haka wuƙar da ruwanta bai wuce tsawon yatsa ba, mai kaifi gefe ɗaya, ita ce ta mai sana'a. Mai fitowa da kanta in an danna maɓalli, ko mai kama da ta soja, jawo magana take yi a shingen 'yan sanda. Wurinta cikin kayan aiki ne, ba ɗamara ba. Doka ta hana zuwa taro ko jerin gwano da makami, kuma ba a shiga jirgin sama da wuƙa a jakar hannu.

A ƙarshe, wuƙar da ta dakushe ta fi mai kaifi yanka mai ita, domin sai an danna da ƙarfi, ta zame. A wasa ta a kai a kai, a wanke ta bayan an taɓa abinci, a kuma ajiye ta inda yara ba za su kai ba.